Askar Kaka a Cikin Garwashi

Gidanmu a Jalingo yana bayan kasuwa ne, ta wajen marina. Kakanninmu daga Kano suka taho da sana'ar rini, shi ya sa hannun Baba kullum shuɗi yake, ko da ranar Sallah ce. Ina ajin 'yan mata na elementare a shekarun da Turawa ke shirin tafiya. Ban cika magana ba. In an yi baƙi nakan raɓe bayan turmi ina kallon hannayen mutane.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce ungozomar unguwarmu. Tana da wata 'yar aska mai ƙotar ƙahon rago da ta gada wurin uwarta, da ita take yanke cibiya. Ba a wanke askar nan. Kaka ta ce albarkar duk 'ya'yan da aka yanke wa cibiya da ita tana jikinta, wanda ya sa mata ruwa ya zubar da albarkar. Gogewa kawai take yi da bakin zane ta mayar kube. Bayan yankan kuma ta kwaɓa toka da man shanu ta shafa wa jariri.

Bayana Inna ta haifi maza biyu, babu wanda ya yi sati biyu a duniya. Iri ɗaya suka yi: yaro yana tsotso lafiya, sai wata rana baki ya ɗaure ya kasa kama nono, jiki ya sandare. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce tsuntsu ne ya gitta ta kan ɗakin. A shekarar da nake ba da labari Inna na da wani cikin, amma ba mai zancensa a gidan.

A daminar ne aka kawo sabuwar ungozoma asibitin En'e na hukumar gargajiya, wata doguwar budurwa mai farar riga, Hausarta ba ta gama nuna ba. Ta aika wa ungozomomin gari su zo asibiti, ba wadda ta je. Sai ta zo da kanta, ta cire takalmi tun daga zaure, ta durƙusa ta gaishe da Kaka, ta roƙi aron tsakar gidanmu ranar Alhamis bayan la'asar. Kaka ba ta iya hana baƙo tabarma, ta yarda.

Matan suka hallara, kowace da kujerarta 'yar tsugunno. Wata tsohuwar Bafulatana daga hanyar Sunkani, wadda kowa ke kira Dada, ta tambayi malamar asibitin 'ya'ya nawa ta haifa. Ta ce ko ɗaya.

Dada ta ce, "To, ga wadda ba ta taɓa shiga kogi ba ta zo koya wa mutanen Lau, 'yan bakin ruwa, iyo."

Aka yi ta dariya, har da malamar. Ta ce ai ita ma koyo ta zo, don ta gyara gado mai kyau a asibiti amma mata sun ƙi hawa, ta rasa dalili. Kaka ta gaya mata mace ba ta haihuwa a rigingine kamar marar lafiya, a durƙushe ake yi, ta sa aka ɗauko matashi ta nuna mata inda ungozoma ke zama da yadda ake tarar yaro. Malamar ta durƙusa a ƙasa da farar rigarta ta gwada, aka gyara mata, ta sake gwadawa. Na ga gwiwoyin rigar sun yi ja da ƙasa, ba ta ko kakkaɓe ba.

Daga nan ta fito da wani ɗan ƙaho na katako daga jakarta. Aka shiga ɗaki da Inna, na bi su na tsaya bakin ƙofa. Ta ɗora bakin ƙahon a cikin Inna, ta ce Kaka ta kara kunne. Kaka ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago sai ta ce kamar lugude ake yi a wata unguwa mai nisa, ta nemi a bar ta ta ƙara ji.

Da aka koma tsakar gida malamar ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun taɓa ganin ciwon ɗaurewar bakin nan. Kowa ta gani, sai matar maƙeri ce ta ce ita kam da wuya. Aka yi ta juya maganar har aka gano mafari: a gidan maƙera ba a fitar da ƙarfe aiki sai ya ga wuta, ita ma haka take yi wa askarta. Malamar ta ce akwai dattin da ido ba ya gani, zafi ne ke kashe shi, ita tafasa almakashinta take yi. Kaka ta ɗaure fuska ta ce askarta ba kaza ba ce da za a dafa ta, ruwa kuma ba zai taɓa ta ba.

Matar maƙeri ta ce, "Iya, wa ya ce ruwa? Ai wuta ce uwar aska. Wanda ya je ganin gida ba ya baro albarkarsa a can."

Alhamis-Alhamis aka ci gaba da zaman, Kaka ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuma na rasa inda ta dosa.

Naƙudar Inna ta zo da hantsi, ranar da ba makaranta. Aka sa ni fifita wutar ruwan wanka. Ina nan sai ga Kaka ta fito, ta tsuguna kusa da ni, ba ta kalle ni ba. Ta zare askar ta cusa bakinta cikin garwashi. Leɓɓanta na motsi. Ta riƙe har ƙarfen ya yi ja, ƙotar ta fara ƙauri, sannan ta koma ɗaki tana riƙe da ita a sama don kada ta taɓa komai. Malamar ta iso da zaren da ta tafasa da kwalbar wani magani mai shuɗi. Na ji su ta bayan asabari suna ja-in-ja a kan shafa toka. Can Kaka ta ce to a shafa maganin, ɗan marina ne, shuɗi ba baƙonsa ba ne.

Namiji ne. Duk kwanakin nan da na dawo daga makaranta sai in zauna gefen gadon Inna ina kallon bakinsa. In ya yi hamma har in ga dasashinsa, sai in tashi in je in ci abinci.

Ranar suna da safe wanzamin gidanmu ya zo da zabirarsa don askin jariri. Ya zauna a zaure ya zaro aska ya goga a tafin hannunsa. Kaka ta fito ɗauke da kaskon wuta ta dire a gabansa. Ya ce shi da ya yi wa uban yaron aski tun yana cikin zane, yau za a koya masa aiki? Wuta kuma kashe kaifin aska take yi.

Kaka ta ce, "Wannan angona ne, na daɗe ina jiransa. Tawa ta shiga, taka ma sai ta shiga."

Ya sa yana gunaguni. Gaskiyarsa kuwa, askar ta dakushe, askin ya fito tsibi-tsibi, nan gashi nan babu. Da aka mayar wa Inna shi ta juya kansa dama da hagu, ta fashe da dariya har da hawaye. Yaron ya fusata da hayaniyar, ya wage baki ya tsala kuka, ta ba shi nono ya kama. Haka ya wuce sati biyu, ya wuce arba'in, da kan nan nasa kamar gonar da awaki suka shiga.