Furen da Inna Hajo Ta Tsinka

Akwai wata ranar Alhamis da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma labarinta nake so in ba ku, ku ƙannena da kuka fara bin iyayenku aikin gidaje a ranakun hutu. A watan Rajab ne, wanda a waɗancan shekarun yake faɗowa cikin kaka. Ina aji biyu a mutawassiɗ, makarantar da ake shiga bayan firamare. Shekaruna goma sha uku.

Mu a unguwar Juruf ta Madina muke zaune, amma Umma tana aiki a wani gida a unguwar Halidiyya. Mai gidan dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, mijinta ya rasu. Kowa Sitti yake ce mata. Ga yadda tsarin gidan yake: daga Sitti sai Umma, wadda ta shekara goma sha ɗaya a can, makullan kicin da na ɗakin ajiya duk suna hannunta. Bayan Umma sai mai wanki da guga, sai direba da ke ɗakin bakin ƙofa. Ni ce ta ƙarshe. Ranar Alhamis kaɗai nake zuwa, tunda a lokacin ranar hutun makaranta ce a nan, kuma aikina shuke-shuke ne.

Kakar Madina ba irin wadda Umma ke ba mu labari ba ce, ta girbi da sabon gero. A nan alamarta ɗaya ce: wata safiya za ki taɓa ƙarfen ƙofa ki ji bai ƙone ki ba. Daga ranar aikin lambu ya tashi. Tukwanen da suka yi watanni a ɓoye ƙarƙashin matakala sai a fito da su tsakar gida. A sake ƙasa ga na'ana da habak, ganyayen da ake sa wa shayi, a rage wa furen wardi mai ƙaya rassa, a tsince busassun ganyen ful mai farin fure. Na cikin falo kuma, masu yaɗo a cikin kwalabe, a sake musu ruwa, a goge ganyensu ɗaya bayan ɗaya da ɗanyen tsumma. Sitti tana bin bayana da yatsa tana duba ƙura. Ba a ban ruwa da rana tsaka. Ba a amfani da ruwan famfo kai tsaye sai ya kwana a bokiti, an fi son wanda ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, in akwai saura.

Dokoki biyu aka kafa mini tun ranar farko. Ta ɗaya ta Sitti ce: ba mai tsinkar fure a gidanta. Ta taɓa sallamar wata ma'aikaciya saboda wardi uku. Ta biyu ta Umma ce, a kan dafla. Dafla wata shuka ce doguwa da ke jikin katanga ta bayan ɗakin wanki, mai siririn ganye da furanni ruwan hoda. Umma ta ce guba ce tun daga saiwa har fure. In zan taɓa ta sai da safar hannu, in na gama in wanke hannu da sabulu sau biyu.

A wannan kakar aka kawo sabuwar mai wanki. Sunanta Hajo, daga wani ƙauye a ƙasar Maraɗi, ta haura shekara hamsin. Umma tana ce mata Yaya, ni kuma Inna. Ba ta jin Larabci ko kaɗan, amma bakinta ba ya hutawa. Ni kuwa gaisuwa ma da ƙyar take fita daga bakina, shi ya sa ta raɗa mini suna 'Yar Shiru. Umma ta nuna mata injin wanki, da dutsen guga, da inda ake shanya. Lambu ba aikinta ba ne, don haka ba wanda ya yi mata maganarsa.

Ranar da abin ya faru, sati uku ke nan da zuwanta. Wajen ƙarfe tara na safe ina tsugune ina cika tukunya da ƙasa, sai na ji muryarta daga bayan ɗakin wanki.

"Ke 'Yar Shiru, taho ki gani! Ashe kuna da hure a garin ga, ba wanda ya gaya mani?"

Na je na same ta a gaban dafla, fuskarta cike da murna irin wadda ban taɓa gani a wurinta ba. Ta riga ta tsinke guda bakwai ko takwas daga reshen ƙasa. Tana ƙulle su a gefen mayafinta.

Na ce, "Inna..."

"Mi ne ne? Yau kurma za ta yi magana?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Ba komai."

Ta yi dariya ta koma wankinta. Na tsaya ina lissafi a zuciyata. Na ce wataƙila a ɗakinta za ta ajiye don ƙamshi. Na ce babbar mace ce, ta san abin da ban sani ba. A gidanmu yaro ba ya gyara wa babba, ko kallon ido ba ya yi masa. Na ɗauko almakashi na gyara reshen don kada Sitti ta ga gurbin, na koma kan tukunyata.

Abin da ban sani ba, don a Madina aka haife ni, shi ne a can gida mata suna cin fure. Furen taba ne, mai ruwan hoda da dogon wuya. Suna goga shi a haƙora, su haɗa da goro, baki ya yi ja, ado ne. Daga baya Umma ta ce kakata ba ta fita biki sai da shi. Inna Hajo ta ga abin da ya yi kama da na garinsu, ba ta tambayi kowa ba.

Bayan azahar muka zauna cin abinci a ƙasan kicin, ni da Umma da ita. Sitti tana tsaye a kanmu tana haɗa shayinta, don ba ta yarda kowa ya haɗa mata. Inna Hajo ta yi loma biyu ta ture faranti. Da ta buɗe baki za ta sha ruwa na ga haƙoranta sun yi ja, na goro. A gefen leɓenta kuma akwai wani ɗan abu ruwan hoda, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na kalli gefen mayafinta. Ƙullin ya ragu da fiye da rabi.

Na daina ci. Na gane. Amma Sitti tana tsaye, cokalinta yana ƙara a cikin kofi. In na yi magana, ko da Hausa ce, Sitti za ta sa a fassara mata, na tona cewa Inna ta tsinki fure, a watanta na farko, kuma takardar zamanta a hannun wannan gidan take. Na ce bari Sitti ta fita tukuna. Sitti ba ta fita ba. Ta ja kujera ta zauna tana ba Umma labarin jikokinta da ke garin Yanbu.

Ban san minti nawa aka yi ba. Inna Hajo ta miƙe za ta fita, ta dafa bango, sai amai. Ta durƙusa, ta sake yin wani. Gumi ya jiƙe mata goshi.

Umma ta riƙe ta tana cewa, "Yaya! Yaya Hajo, me ya same ki?"

"Ɗakin ga na juyawa," in ji ta. "Komi ya koma ɗorawa-ɗorawa."

Sitti ta ce da Larabci rana ce ta buge ta a wurin shanya, baƙi duk haka suke yi. A kai ta ɗaki, a ba ta lemon tsami da gishiri, ta yi barci zuwa la'asar. Umma ta amsa da to, ta fara ɗaga ta.

A nan ne na ji murya ta fito, da ƙarfi, har ban gane tawa ba ce.

"Dafla ta ci!"

Duk suka juyo. Na maimaita da Larabci. Na je na kwance ƙullin mayafin da hannuna, furanni uku da suka yi yaushi suka zubo a kan tayil.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya kamar ta Sitti ba. Kofin ya kuɓuce mata ya fashe, ba ta ko kalle shi ba. Umma ta ɗora hannu biyu a ka tana salati.

"Tun yaushe?" Sitti ta tambaye ni.

"Tun ƙarfe tara ta tsinka."

"Kin gani da idonki?"

"Na gani."

"Kika yi shiru? Ya binti, haba 'yata, kika yi shiru?"

Ba ta jira amsa ba. Matar da ke hawa matakala da sanda, ita ce ta fita tsakar gida da sauri tana ƙwala wa direba kira. Ta jefa abaya a kanta a karkace. Ta ce in karyo reshe guda in sa a leda in biyo su. Na karya da hannu, babu safa.

A mota Sitti ta ɗora kan Inna Hajo a cinyarta, ta riƙe wuyan hannunta tana kallon agogo. Na ji tana gaya wa Umma a hankali cewa bugun zuciyarta ya yi ƙasa sosai. Inna ta buɗe ido ta ce, "Ku gaya wa Hajiya ta yi haƙuri, ban san na ado ba ne." Umma ba ta iya fassarawa ba, kuka ya hana ta. Ni na fassara. Sitti ta ce, "Gaya mata ta rufe baki ta yi numfashi."

A asibiti, sashen gaggawa, likita ya tambayi abin da ta ci. Na miƙa masa ledar. Ya leƙa ciki sau ɗaya, ya daina rubutu, ya kira ma'aikatan jinya biyu. Suka manna mata wayoyi a ƙirji, suka sa mata ruwa, suka yi mata allura, suka ba ta wani baƙin abu kamar gawayin da aka dama. Ya tambaye ni guda nawa, da ƙarfe nawa, ta haɗiye ko ta tofar. Ina tambayar Inna da Hausa ina mayar masa da Larabci. Ta ce ta goga, ta tauna da goro, ta haɗiye ruwan.

"Ba ta ji ɗaci ba?" in ji likita.

Na tambaye ta. Ta ce, da ƙyar, "Ɗiyata, mai cin goro ce za a tambaya ɗaci?"

Da ya fito, likitan ya gaya wa Sitti cewa wannan shukar zuciya take kamawa. Ya ce da an kwantar da ita a ɗaki zuwa la'asar, ba ya jin za a tashe ta. Na zauna a kan benci. Umma ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma kalle ni ba, har muka koma gida.

Kwana uku Inna Hajo ta yi a asibiti. Ranar da za a sallame ta Umma ta tafi da ni bayan makaranta. Na tsaya a bakin gado na ce ta yafe mini, na gani tun da safe ban faɗa ba.

Ta ce, "Don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Kunya, Inna. Kuma na ji tsoron kada a kore ki."

"To da an kore ni, ai da ƙahwata zan koma Maraɗi. Wagga kunya taki, a makara za ta maishe ni." Ta jawo kunnena, ba da zafi ba. "In kin ga tsohuwa za ta hwaɗa rami, ki ja ta ko da zanenta zai kwance. Ta zage ki daga baya."

Sitti ba ta sallame ta ba, ba ta kuma sake tayar da maganar tsinkar fure ba. Ba ta sare daflar ba ma, ta ce shukar ba ta yi laifi ba, mu ne muka kawo mutum gida muka nuna masa injin wanki kawai. Ta kira ni falo, a gaban Umma, ta ƙara mini aiki. Duk wadda aka ɗauka a gidan, ko ta kwana ɗaya ce, ni zan zagaya da ita kafin ta taɓa komai, in nuna mata abin da ake ci, da abin da ake taɓawa, da abin da ke kisa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A aikin gida kowa ana nuna masa nasa ɓangaren ne, amma gidan gaba ɗaya yake zaune a ciki. Mutanenmu da ke zuwa daga gida suna zuwa da saninsu, sani mai yawa, sai dai na wata ƙasa ne, kuma ido yana neman abin da ya saba gani. Mu da aka haifa a nan mun san shukokin nan, amma an koya mana sunkuyar da kai. In kowa ya tsaya a inda aka koya masa, wata rana za a ɗauki gawa a tsakar gida mai tsabta.

Bayan wata biyu aka kawo wata dattijuwa daga Kano don ta taya girki. Ta girmi Umma. Na kai ta bayan ɗakin wanki, na nuna mata dafla, na ce, "Baba, wannan ba a tsinka, ba a taunawa, ba a yin asuwaki da reshenta."

Ta harare ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ke 'yar wace ce, da za ki koya mini abin da zan sa a bakina?"

Na ɗaga kai na dube ta, na sake faɗa mata daga farko.