Kitson da Ya Yi Ƙamshin Miya

Cikin abubuwan da Allah Ya nuna mini a rayuwa akwai guda wanda ko ƙasa ta kusa rufe idona ba zan manta da shi ba, kuma har yau idan na ji ana soya albasa sai na yi murmushi ni kaɗai. Abin ya faru ina da ƙuruciya, a wani ƙauye na ƙasar Madawa, zamanin da Nasara ke kwasar maza aikin hanya.

Kitso na gada wurin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. A lokacin makitsiya ita ke kawo man da za ta shafa wa kai, kuma da mai ake gane gwanar. Man shanu muke saya wurin Fulani da damina, sa'ad da nono ya yawaita, mu adana shi har rani. To, shekarar da ta gabata nawa ya lalace. Ya yi tsami, ya yi wari, har matan unguwa suka fara cewa hannun uwa daban, na ɗiya daban. Wasu ma sun soma zancen wata makitsiya a Urno. Na sani idan na sake kuskure a kitson Sallah, sana'ar gidanmu ta bar hannuna.

Da damina ta kama, na sayi mai ƙwarya guda, na zauna ina shawara. Wata ta ce in zuba gishiri, na ce gishiri yana cin fatar kai. Wata ta ce kanwa, na ce kanwa tana karya gashi. Ina cikin wannan maigidana ya shigo. Manomin albasa ne a fadama, kuma a ganinsa babu cutar da albasa ba ta magani, har da talauci.

Ya ce, "Ke, mi kika wahal da kanki? Man miyar Inna ba ya shekara lahiya lau ba? Da idona ni ga tana jefa albasa ciki. Albasa ce ka tsaron mai."

Na ce, "Maigida, kai za a shafa ma, ba tuwo ba."

Ya ce, "Warin albasa ba ya daɗewa. Kahin azumi ya tahi abinai. Ki barbaɗa kajiji bisa."

Inna, wato mahaifiyarsa, ta tafi jinyar ƙanwarta a Ibohamane, ba halin in tambaye ta. Shi kuwa ya yi maganar da ƙarfin zuciya irin na wanda ya gani da ido. Na ɗora mai a wuta, shi da kansa ya yanka manyan albasa ya zuba, yana yi yana hawaye yana yabon albasar. Da ta yi ja na tace, na zuba a tukunya, na barbaɗa kajiji, na rufe da marfi na shafe bakin da laka.

Azumin shekarar ya faɗo cikin sanyi. Da Sallah ta matso na fasa lakar da bismillah. Mai ya daskare, rawaya shar, babu tsami ko kaɗan, ƙamshin kajiji ne ke tashi. Maigida ya yi ta zagaya gida kamar zakara.

Mata suka zo da sassafe, na yi musu kitso a cikin ɗaki, na cika kowane kai da mai ba rowa. Aka yi godiya aka watse. Abin da ban lura ba shi ne, sanyi ne ya ɗaure albasar. Da suka fita shan hantsi suna daka, rana ta taɓa kawuna, sai mai ya narke, albasa ta farka daga barci.

Jama'a, ku tuna kowa na azumi. Unguwa duka ta ɗauki ƙamshin soyayyen mai. Wani dattijo ya bi gida gida da sanda yana neman wadda ta ɗora girki da rana tsaka. Taubashiyata ta shigo da gudu, kyanwa biyu na bin ta, ta ce, "Ɗiyar malam, mi ni yi miki? Mijina ya ce in koma bayan ɗaki, in na gitta yawu ka tarar mai a baki!"

Matar liman ce ta zo a ƙarshe. Ba ta yi dariya ba. Ta ce an je an tambayi mijinta liman ko ƙamshi na karya azumi, ya ce ba ya karyawa, amma a ji tausayin bayin Allah. Sannan ta dube ni ta ce, "Uwarki ba ta taɓa mai da mu tukunya ba." Wannan magana ta shige ni har ƙashi. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Allah da ikonSa, ran nan da la'asar Inna ta dawo. Tun daga ƙofar gida ta ɗaga hanci. Da aka ba ta labari ta yi dariya har ta dafa bango, ta kira ɗanta.

Ta ce, "Kai, ɗan nema, wa ya gaya maka albasa ka tsaron mai? Wuta ce ka tsaron shi. Ruwan da ke ciki shi ka ɓata shi. Albasa ina jefa ta don daɗin miya, kuma in ta yi ja in san ruwa ya ƙone. Kai ka ga hannuna, ba ka tambayi bakina ba."

Ta fito da ɗanyen mai da ta zo da shi tsaraba. Muka soya a wuta marar ƙarfi har ya daina tsartsatsi, muka tace da tsumma mai tsabta, muka daka kanumfari da kajiji muka zuba. Ta gargaɗe ni kada jiƙaƙƙen yatsa ya shiga tukunyar har abada.

Na bi matan ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri. Na kwance kitson, na wanke kawuna da ganyen magarya, na sake kitsawa, yatsuna har suka kumbura. Maigida aka ɗora wa jan ruwa daga rijiya, mata na yi masa kirari da sarkin albasa. Ranar Idi matar liman ta wuce ta gabana, ta shafa kanta, ta ce, "Yau na ji hannun uwarki." Babu wadda ta tafi Urno.

Man albasar kuwa ba a yi asararsa ba, da shi unguwa ta ci tuwon Sallah, maigida na cewa ai ya faɗa ba ya lalacewa.

Tun daga ran nan na koyi cewa mai kallon aiki rabinsa yake gani, komai ƙarfin muryarsa. Idan kana son sanin sirrin tukunya, ka yi haƙuri ka jira mai tukunyar ta dawo.