Lurwanu Talle da Gansakukar Ƙasar Ƙanƙara

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Lurwanu Talle a shekarar 1943 a garin Yawuri, bakin kogin Kwara. Mahaifinsa, Talle, masunci ne, mahaifiyarsa Gogo kuwa sana'arta bandar kifi. Ya yi elementare a Yawuri da sakandare a Sakkwato, sannan ya kammala karatun ilmin halittu a jami'a a Zariya a 1969. Abokan karatunsa sun shaide shi da ladabi da dogon tunani, har sukan zolaye shi cewa in aka bar shi bakin kududdufi da hantsi, nan za a tarar da shi da azahar.

Aiki da Aure

Ya kama aiki da hukumar ruwa a 1970, ya auri Malama Sailuba a 1972. A 1981 wani kamfanin tace ruwa ya ɗauke shi kwantiragi zuwa Riyad, ya zauna da iyalinsa a unguwar Nasim. Aikinsa shi ne tabbatar da cewa gansakuka ba ta yi kore a tankunan ruwa ba, kuma ya riƙe amanar nan har ƙarshen rayuwarsa.

Baƙuwa daga Kudancin Duniya

A 1982 wani Bature abokin aikinsa, wanda ya taɓa zuwa Antaktika, ƙasar ƙanƙara da ke ƙarshen duniya ta kudu, ya ba shi kyautar wani busasshen abu mai kama da guntun tsohuwar fata. Gansakuka ce ta tafkunan can. Ba tsiro ba ce, ƙwayoyin halitta ne masu launin kore da shuɗi, waɗanda suke rayuwa da hasken rana, suna sarƙe juna har su zama shimfiɗa a gindin tafkin da ƙanƙara ta rufe. Baturen ya shaida masa cewa idan shimfiɗar ta yi kauri, iskar da take fitarwa takan taru a jikinta, sai wata rana ta ɓamɓaru da kanta, ta taso sannu a hankali zuwa sama, inda haske yake.

Wannan magana ta zauna masa a zuciya. Ya je kasuwar Batha ya sayo ƙaramin firji da fitila, ya jiƙa guntun a babbar kwalba, ya sa ta cikin firjin, ba da jimawa ba kuwa ya farfaɗo ya yi kore. Tun daga nan burinsa ya zama ɗaya: ya ga tasowarta da idonsa. In ya dawo sallar la'asar, yayin da kwalta ke huci a waje, yakan jawo kujera gaban kwalbar, ya lula a zuci zuwa ƙasar da rana ke yin watanni ba ta faɗi ba, bakin tafkunan da babu tsuntsu babu ciyawa, sai shiru da ruwa garai-garai. Bai taɓa taka ƙasar ba, amma yana ba da labarinta kamar can aka yanke masa cibi.

Shekarun Jira

Gansakukar ba ta san gaggawa ba, kaurin da take ƙarawa a shekara bai kai na farce ba. Kwantiraginsa ya ƙare a 1984 ya sabunta, ya sake ƙarewa a 1986 ya kuma sabuntawa, domin ya san a gida ɗaukewar wuta ta yini guda za ta mayar da aikin baya. Malama Sailuba, wadda kewar gida ta dama ganin yaranta sun fi sakin baki da Larabci, takan ce masa, “Malam, mutane na zuwa Saudiyya neman arziki, mu mun zo gadin kwalba.” Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, “Ki ƙara haƙuri, saura kaɗan.” Ya san yana tauye ta, abin yana kuma damunsa ƙwarai, amma ya kasa kashe firjin.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 1988 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara arba'in da biyar. An yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Nasim, 'yan Najeriya mazauna Riyad suka raka shi.

Da yake iƙamar iyalin, wato izinin zamansu, a kan tasa take, komawa gida ta zama dole. Ana cikin ɗaure kaya Malama Sailuba ta je cire wayar firjin, ta buɗe shi tukuna. Sai ta ga shimfiɗar ta saki gindin kwalba, tana tsakiyar ruwa, ƙananan kumfa sun yi mata ado, tana hawa a hankali. Ta daɗe a tsaye tana hawaye. Daga nan ta kira 'ya'ya ukun da marigayin ya bari, Gidaɗo da Rakiya da Jamilatu, ta jera su gaban kwalbar, ta ce, “Ku zo ku gane wa babanku.”