Harsasan da Duane ya cika

Orval Stensrud ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu a ƙauyukan da ke kewaye da Lewistown, a jihar Montana ta Amurka, har ya yi ritaya. Mutum ne mai tsantseni. Tun yana saurayi mahaifinsa ya koya masa sake cika kwanson harsashi a gida, kuma bai taɓa sauya tsari ba: da safe yake yi, a kashe rediyo, gwangwanin albarushi ɗaya tal a kan tebur. Kowane kwanso sai ya haska shi da tocila ya leƙa kafin ya ɗora masa kan harsashi.

Mijin ƙanwarsa, Duane Pickett, shi ma yana cikawa, kuma kullum yana yi masa tsiya.

"Kai, tsoho, wannan ai ba cika harsashi kake yi ba, tiyata kake yi! Kafin ka gama ashirin na gama ɗari biyu."

Orval dai sai ya yi murmushi.

Wata kaka Duane ya ba Darla, 'yar Orval, kwali guda na harsasansa kyauta. Malamar makaranta ce, kuma ta iya bindiga ƙwarai. Kafin a buɗe farautar barewa ita da mahaifinta suka je filin gwaji. Harbi na farko lafiya. Na biyu ya kusa ɓalle mata kafaɗa. Na uku kuwa sai wani ɗan "fus".

Ta sauke bindigar. "Baba, ka ji abin da na ji?"

"Kar ki sake taɓa kunamar nan!"

Ya zare ƙarfen bayan bindigar ya leƙa bututun. Duhu. Kan harsashin ya maƙale a tsakiya, don babu albarushin da zai tura shi. Da ta ƙara harbi, da bindigar ta tarwatse a fuskarta.

Bai ko biya gida ba, ya zarce garejin Duane. Shekara da shekaru rabonsa da shiga. Albarushi iri uku a gwangwanayen kofi, ba wanda aka rubuta wa suna. Kusa da su wani gwangwanin na tofa yawun taba, ya kusa cika, ƙudaje na bin bakinsa. Sikelin awo yana can ƙarƙashin kwalin abincin fiza, ya yi ƙura. Kwansuna masu tsaga da masu lafiya duk a bokiti ɗaya. Duane kuwa hannunsa na jan injin cika harsashi, idonsa na kan ƙwallo a talabijin.

"Duane, ka kusa kashe min 'ya."

"Haba, suruki! Bindigarta ce, ba ta gogewa."

"Wane albarushi ne a wannan gwangwanin?"

Duane ya buɗe, ya shaƙa, ya karkata shi wajen haske. "Ina jin mai saurin ci ne. Ko kuwa wancan ne? Ai da ido nake ganewa."

Orval ya tattara duk kwalayen harsashin da ke kan kanta ya zuba a bayan mota, Duane na biye da shi yana faɗa.

Kwana uku ya yi yana kwance harsasan ɗaya bayan ɗaya. Cikin ɗari uku, bakwai babu komai, goma sha ɗaya an cika su har wuya, wasu kuma albarushi iri biyu ne a gauraye. Ya jera su a faranti ya kai wa ƙanwarsa Arlene. Ta duba, ta zauna a kujera, ta ce, "Yaya, Duane ya raba wa mutanen coci ma."

Su biyu suka bi gida-gida suna karɓowa, Orval na sunkuyar da kai a kowace ƙofa kamar shi ya yi laifin.

Har yau Duane yana cewa laifin bindigar Darla ne. Idan aka haɗu cin abinci a gidan Arlene, Orval yakan miƙa masa dankali, ya amsa gaisuwa, shi ke nan. Farauta kuwa, duk lokacin da Duane ya kira, sai Orval ya ce bayansa na ciwo.