Ranar da Yaya Haruna ya ƙara wa akwatin kwamfuta wuta

Yau shekara biyar ke nan da aka tare motar da Yaya Haruna yake ciki a hanyar Isa, bai dawo gida da ransa ba. Mai gyaran rediyo ne a kasuwar Sabon Birni, ni kuma ƙanwarsa, unguwarzoma ce a wani ɗan asibitin ƙauye. Duk lokacin da na tuna shi, rana ɗaya ce take fara zo mini, shekara guda kafin rasuwarsa.

Iskar farkon damina ta ɗaye farantin solarmu ta farfasa shi. Firjin da muke ajiye allurar tsayar da jinin haihuwa da batir yake aiki, batirin kuwa ya kusa mutuwa. 'Yan bindiga sun hana bin hanya kwana uku, ba inda za a samo wata allurar. Ga Rabi, mai cikin tagwaye, watanta ya tsaya, kuma a haihuwarta ta baya da ƙyar jini ya tsaya mata. Muna da ƙaramin janareta da man da bai fi na awa huɗu ba, amma ba mu da cajar batir. Na aika wa Yaya, ya biyo ta gonaki a kan babur.

Ya zagaya ɗakin, idonsa ya faɗa kan wata matacciyar kwamfuta a lungu. Ya kwance ta, ya ciro akwatin da ke ba ta wuta. Da babu gara ba daɗi. Muka tada janareta, ya jona akwatin, ya haɗa koriyar waya da baƙa, fankar akwatin ta juya, ya ɗora mitarsa ta auna ƙarfin wuta a kan waya mai ruwan ɗorawa: sha biyu. Ya ce sha biyu ba ta cika batir, sai wutar ta kusa sha huɗu, in kuma ta zarce, akwatin ya kashe kansa ko ya ƙone.

"Hajo, ja da baya," in ji shi. "Abin ga yana riƙe wuta ko an kashe shi."

Ya cire mamurɗin murya daga tsohuwar rediyonsa, ya liƙa shi da dalma a cikin akwatin, a madadin wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa. Ya fara murɗawa. Sha biyu da rabi. Sha uku. Sai fanka ta tsaya cak. Daga ɗayan ɗakin na jiyo Rabi ta fara nishi.

"Yaya, ya ƙone?"

"Bai ƙone ba, ni na yi garaje. Za ni sake."

Sau uku yana sakewa, gumi na ɗiga daga gemunsa, mai na ƙarewa. A na huɗu ya riƙa murɗawa kamar mai ɗiga wa jariri magani, har mita ta tsaya ƙasa kaɗan da sha huɗu, fanka ba ta tsaya ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ya jona akwatin da batir, firji ya ci gaba da aiki. Rabi ta haihu washegari da hantsi, jini ya ɓalle, na ɗauko allura da sanyinta na yi mata, ya tsaya.

Yanzu ana shigo da caja iri-iri daga Nijar, in ta lalace a jefar. Na san da yana nan da ya tsince su ɗaya bayan ɗaya yana faɗa. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce game da hanyar nan, da har gobe muke hawanta da addu'a a baki.

Rumfarsa ta zama ta mai sayar da takalma. Rabi kuwa duk ranar kasuwa sai ta riƙe hannuna tana godiya, tagwayen na jan zanenta. Nakan ce mata aikin yayana ne. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma ba ta taɓa sakina ba sai ta ce Allah Ya jiƙan shi. Amin.