Farin da ke Tsakiyar Tuta

Bana shekara sittin da biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Ɗan Azumi marini, kuma har yau ban san inda kabarinsa yake ba.

Na tuna shi ne ranar da aka ɗaga sabuwar tutar ƙasarmu a Magariya. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya yi mana bayani: ruwan goro hamada ce, tsanwa gonakinmu na kudu, da'irar tsakiya rana, fari kuwa tsarkin zuciya. Na ga tutoci a Kumasi da Hartum da Jidda, na ji ma'anarsu da Larabci da Faransanci, babu wadda ta taɓa tsayar da ni. Wannan farin ya tsayar da ni.

Kafin zuwan Nasara, a ƙauyenmu kusa da Mallawa, wata hantsi makiyaya suka shigo a guje: mahaya sun ƙone garin da ke gabas, ga su nan tafe. Ba mu san ko na wa ne ba. Abin da muka sani, garin da ya tare su da farin ƙyalle akan bar shi.

To mu marina ne. Aka zazzage kowane ɗaki, komai ya sha shuni, har zanen goyo. Mata na kuka ƙasa-ƙasa, hayaƙi na matsowa. Sai Baba ya fito da likkafanin da ya tanadar wa kansa. Na ɗaura shi a kan gora. Ni ne ƙato mai sabon aure, ni ya kamata in ɗauka, amma na tsaya riƙe da gorar, na kasa fita.

Ya dube ni ya ce, "Kawo, ango. Mai kaya shi ke ɗaukar kayansa."

Muna leƙe ta danga ya nufe su shi kaɗai, farin yana rawa a sama. Suka kwashe gero, ba su ƙyasta wuta ba, suka tasa shi gaba ya nuna hanya. Da kaka wani falke ya kawo labarin ya rasu a tafiyar.

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni duka biyun nake ɗauke da su. Da Baba zai ga yara suna waƙa a gindin tuta, babu mai waiwayen gabas, ina jin zai fara murza ƙyallen ne ya ce rinin bai kama ba, sannan ya yi hamdala.

Bai bar gona ba, bai bar kabari ba. Ya bar gari a tsaye, jikokin marina suna ta haihuwa. Abin da nake rarrashin kaina da shi ɗaya ne: duk inda ya faɗi, likkafaninsa na hannunsa.