Kwalbatin da Inna Salamatu Ta Kasa Tambaya

Inna Salamatu ta tsufa tana tuyar waina a bakin wani lambatu a Gangaren Tudu. Duk damina sai ruwa ya cika ya tumbatsa, ya kashe mata murhu, ya yi gaba da itacenta. An taɓa zuwa aza harsashin kwalbati, aka sha kiɗa aka watse, yashin da aka zuba ma tuni ruwa ya wanke shi.

Da Sadiƙu, ɗan maƙwabciyarta da ta goya yana jariri, ya fito takarar majalisa, sai ta ce ta huta. Muryar mai waina ba ta kaiwa kunnen gwamnati, shi ya sa ta dangwala masa, don ya miƙe a majalisa ya tambayi inda aikin ya maƙale.

Duk ranar da ya zo gida takan yafa mayafi ta tafi da maganar a bakinta. Shi kuwa sai ya durƙusa har ƙasa, ya sa a kawo mata tuwo. Ita a tarbiyyarta, wanda ya ci tuwon gida ba ya buɗe baki da ƙorafi.

"Inna, akwai wata magana ne?"

"A'a, ɗan nan, gaisuwa ce kawai."

Bana ruwa ya ci rumfarta. Tana kwashe laka, Zipora mai kanti ta ce ta ji shi a rediyo yana ta yi wa gwamnati godiya.

Inna ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ashe shi ma can ɗin gaisuwa yake zuwa."